3.2 Hanyoyin Sadarwa a Tsarin Rarraba Wutar Lantarki na Zamani: Misalin Gusau, Tsafe da Bungudu

Abin da ya bambanta tsarin lantarki na zamani da wanda aka gada daga NEPA shi ne, a tsohon tsari wuta kaɗai ke tafiya, daga tasha zuwa gida. A sabon tsari kuwa, wuta tana tafiya, labari yana komowa. Wato mita da taransifoma da makunnan layi suna sanar da ofis yawan wutar da ake ja, da wurin da layi ya katse, ba tare da an jira wani ya kawo ƙara ba. Ke nan idan babu hanyar da saƙo zai bi, tsarin bai amsa sunansa ba, komai tsadar mitar da aka kafa.

Jihar Zamfara tana cikin yankin kamfanin Kaduna Electric, wanda ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara bayan an sayar da kamfanonin PHCN. Gusau tana samun wutarta ta layi mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu kuma a kan hanyar Sakkwato, kuma ƙauyukansu a warwatse suke. Idan iskar damina ta kayar da turke a daji, sai ma'aikata sun bi layin suna dubawa kafin su gano inda abin ya faru.

Hanya ta farko ita ce a aika saƙo ta cikin wayar wutar kanta. Kamfanin Enel na Italiya ya yi amfani da ita daga shekarar 2001, ya haɗa mita kimanin miliyan 30. Amfaninta shi ne ba a bukatar jan sabuwar waya. Illarta kuwa a bayyane take: idan wayar ta tsinke, saƙon ma ya tsinke, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Hanya ta biyu ita ce zaren gilashi da ake sakawa cikin wayar kariyar tsawa a saman manyan turaku. Tana da sauri ƙwarai, amma ta dace ne da haɗa manyan tashoshi da cibiyar kula da wuta ta ƙasa da ke Oshogbo, ba gidajen jama'a ba.

Hanya ta uku, wadda ta fi sauƙi, ita ce a saka wa mita katin waya, ta yi magana ta layin salula, wanda ya bazu a Nijeriya tun daga 2001. A nan ne Zamfara take da abin da za ta koyar. A farkon watan Satumba na 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, amma wurare irin su Tsafe da Bunguɗu sai a ƙarshen Nuwamba. Duk mitar da ta dogara ga katin waya kaɗai, to kurma ce kuma bebiya a tsawon waɗannan makonni.

Abin lura a nan shi ne, mitar kati da aka saba da ita, wadda ake danna wa lambobi 20, ba ta bukatar sabis kafin ta karɓi kuɗi. Sai dai sayen lambobin ta waya ko ta na'urar POS yana bukata. Ita kuma ba ta aika wa ofis komai, don haka ba za a kira ta ta zamani ba a ma'anar wannan nazari.

Idan aka yi la'akari da wannan, abin da ya fi dacewa da yankin shi ne a haɗa hanyoyin: mitocin unguwa su aika saƙo ta wayar wuta ko ta rediyo mai gajeren zango zuwa akwatin tattara bayanai a gindin taransifoma, shi kuma ya miƙa ta salula. Wajibi ne akwatin ya kasance da batir, da ma'ajiyar da za ta riƙe bayanan watanni uku aƙalla, gwargwadon tsawon rufewar 2021, har zuwa ranar da sabis zai dawo.