Shirin Musamman: Yadda Ake Auna Iskar da Jirgi Ba Ya Kaiwa

Jirgin fasinja yakan yi tafiyarsa ne a tsayin kilomita 10 zuwa 12, balan-balan ɗin masu binciken yanayi kuwa da wuya ta wuce kilomita 40. Shi kuma tauraron ɗan'adam, in ya sauko ƙasa da kilomita 200, iska takan ja shi ya faɗo cikin ɗan lokaci. Tsakanin kilomita 60 da 180 ke nan akwai wani sashe na iska da babu na'urar da ke iya zama cikinsa. Roka ce kaɗai ke ratsawa, ita ma na 'yan mintuna. Maganarmu ta yau ita ce, auna wannan sashe daga nesa sahihin awo ne, kuma darajarsa tana ga ɗorewarsa shekara da shekaru.

A shekarar 1800 William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukansa a Ingila, ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da jan launi, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya hau. Wannan shi ne hasken infared. A 1859 John Tyndall ya nuna cewa tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid suna shanye shi. Kowace iska tana da zangon da take sha kuma take fitarwa: kabon dayoksaid a maikiron 15, naitirik oksaid a 5.3, ozon a 9.6, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. In aka rarrabe hasken zango-zango, wurin da ya bayyana zai faɗi irin iskar, ƙarfinsa kuma ya nuna yawanta da zafinta. Kusan haka na'urar da ake saita wa mutane a goshi lokacin korona take aiki, ba ta taɓa fata amma tana faɗin zafin jiki.

Ranar 7 ga Disamba, 2001, hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron TIMED daga jihar Kalifoniya, ɗauke da na'urar SABER. Daga tsayin kusan kilomita 625 take leƙen gefen duniya, inda iska ke haɗuwa da baƙin sarari. Wani madubi a cikinta yana ɗagawa yana saukowa a hankali, yana ɗebo hasken iska mataki-mataki, yana miƙa shi ga ma'aunai goma. An sanyaya ma'aunan zuwa kusan digiri 200 ƙasa da sifili, don kada ɗumin na'urar ya gauraya da ɗan hasken da ake nema.

Wani zai ce, ta yaya za a yarda da awon abin da ba a taɓa ba? Tambaya ce mai ma'ana, domin a can sama iska ta yi ƙaranci har ƙwayoyinta ba sa yawan karo da juna, saboda haka ƙarfin hasken ba ya bin zafi kai tsaye, sai an bi ta lissafi, lissafi kuwa yakan yi kuskure. Shi ya sa ba a barin na'ura ɗaya ta zama shaidar kanta. Ana gwada sakamakonta da na rokoki da na hasken leza da ake harbawa daga ƙasa, ana kuma gwada shi da na na'urar MIPAS ta Turai, wadda ta yi aiki daga 2002 zuwa 2012, da na tauraron SCISAT na Kanada, wanda tun 2003 yake auna hasken rana lokacin fitowarta da faɗuwarta. Inda aka sami saɓani, a koma a gyara lissafin.

Abin da awon ya nuna shi ne saman yana ƙara sanyi yana kuma tsukewa, kamar yadda Raymond Roble da Robert Dickinson suka yi hasashe tun 1989. To wannan bai ƙaryata ɗumamar yanayi ba? Ko kaɗan. Kusa da ƙasa, inda iska ke da kauri, zafin da kabon dayoksaid ta fitar wata ƙwayar ce ke sake kama shi. A can sama babu mai tare shi, sai ya wuce sarari. Iska ɗaya ce ke ɗumama ƙasa tana sanyaya sama.

Mai tambayar amfanin wannan aiki kuwa, ya duba Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49. Guguwar da ta taso daga rana ta ɗumama saman iska, iskar ta kumbura, taurari 38 suka faɗo suka ƙone. Daga saman iska ne kuma siginar rediyon gajeren zango ke dawowa ƙasa, siginar GPS ma ta nan take ratsowa.

Sai dai ƙarfin rana yana hawa da sauka duk bayan kusan shekara 11, kuma tasirinsa a can sama yakan rufe na kabon dayoksaid. Ba a iya raba su sai da awo mai tsawo wanda bai yanke ba. Aikin shekara biyu aka tsara wa TIMED, ya yi fiye da ashirin. Ya kamata a harba magajinsa tun yana aiki, su auna sama tare a daidaita su, domin shekarar da ta wuce ba a auna ba, ba za a koma a auna ta ba.