Dorugu, Bahaushen da Ya Ga Landan a 1855

A shekarar 1855 wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu ya sauka Landan tare da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya zaga Kano, Kukawa da Tambutu. Tun yana yaro aka kama shi bawa a ƙasar Damagaram, daga baya aka 'yanta shi.

A wancan zamani Turawa da yawa na ganin baƙar fata ba su da tarihi. Littattafan Barth suka nuna musu kasuwar Kano, da masaƙanta da marinanta. Shi kuwa Dorugu ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin Turawa da Hausa: cimarsu, tufafinsu da al'adunsu, yadda idonsa ya gani. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma ya cancanci a riƙa karantar da shi a makarantun ƙasar Hausa.