Tsukewar Hanyar Fitsari da Yadda Ake Maganinta

A bakin yawancin Hausawa, duk wata matsalar fitsari "ciwon mafitsara" ce. Amma mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki, hanyar fitsari kuwa ita ce bututun da ke fito da shi waje. Tsawonta a jikin namiji ya kai kimanin santimita 20, a mace kuwa kimanin 4, shi ya sa maza suka fi kamuwa da tsukewarta. Ɗalibin harshe da gobe zai fassara saƙon lafiya a rediyo ya kamata ya bambance kalmomin nan biyu.

Tsukewar tabo ce. Idan cikin bututun ya ji rauni ya warke, naman wurin yakan yi tauri ya matse, sai fitsari ya riƙa fita siriri, da yunƙuri, yana rarrabuwa ko yana ɗiga bayan an gama. Ciwon sanyin da aka sha masa ƙwayoyin kemis ba bisa ƙa'ida ba yakan bar wannan tabo, kuma sai bayan shekaru ya bayyana, lokacin da mai shi ya manta da zancen. Akwai kuma rauni: karayar ƙugu a haɗarin mota, faɗowa daga bishiya a kan reshe tsakanin cinyoyi, ko harbin sa, abin da masu hada-hada a kasuwar shanu ta Mubi suka san haɗarinsa. Robar fitsari ma, in aka sa ta da ƙarfi ko ta daɗe, tana jawo shi. In aka yi sakaci, ƙurji kan fashe ƙarƙashin maraina fitsari ya riƙa yoyo ta nan, daga baya ƙoda ta lalace.

Wanda fitsarinsa ya tsaya cak, asibiti mafi kusa zai nufa. In roba ta ƙi shiga ba a tilasta ta, sai a huda ƙasan cibiya a sa ta kai tsaye cikin mafitsara. Wannan ceton gaggawa ne kawai, ko da yake rashin kuɗi kan sa wasu su daɗe da ita. Sannan a zuba wani ruwa cikin bututun a ɗauki hoto, don a ga wurin tsukewar da tsawonta, domin su ne ke nuna irin aikin da za a yi.

Hanya mafi daɗewa ita ce buɗa wurin da sandunan ƙarfe masu bin juna a kauri. Ta biyu, a shiga da na'ura mai kyamara a tsaga tabon daga ciki. Duka biyun suna da sauƙi, sai dai tabon yakan dawo. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta fitar a 2016, ta sabunta a 2023, ta yarda a fara da su idan tsukewar ba ta kai santimita 2 ba kuma tana sashen da ke bayan maraina. Idan ta fi haka, ko ta dawo, tiyata ake so, domin maimaita tsagawa ƙara tabo yake yi, ya kuma wahalar da aikin gaba.

A tiyatar, gajeren tabo yanke shi ake yi a haɗa bakin biyu. Dogo kuwa, sai a ɓanɓaro fatar cikin kumatu a yi faci da ita, saboda ta saba da danshi kuma ba ta fid da gashi. Wannan dabara ta yaɗu ne a shekarun 1990, kuma fiye da 8 cikin 10 na waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi mai ɗorewa. Aiki ne na ƙwararru, don haka mutumin Mubi yakan bi ta Hong da Gombi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, ko ya nufi na Jami'ar Maiduguri. Bayan aikin, roba takan zauna mako 2 zuwa 3, kuma ana ci gaba da komawa asibiti ana auna ƙarfin fitar fitsarin na aƙalla shekara 1.