Daga Ina Masara Take Samun Abincinta?

Kowace shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo aji ɗaya, mukan yi musu wannan tambaya: mene ne abincin masara? Kusan dukansu sukan amsa da murya ɗaya, "Ƙasa, Malam!" Ba ma ganin laifinsu, domin haka masana da yawa suka ɗauka shekaru aru-aru. Amma amsar ba daidai ba ce, kuma kuskuren ba a takardar jarrabawa kaɗai yake jawo hasara ba, har da gona.

Wani likita mai suna Van Helmont, mutumin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, shi ne ya gwada abin da ma'auni. Ya zuba busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2, ya yi shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa giram 60 kacal ta ragu. An buga wannan sakamako a 1648, bayan rasuwarsa. Shi dai ya ce ruwa ne ya zama itace. Ya sami rabin gaskiya ke nan.

Sauran rabin yana cikin iska da hasken rana. A 1771 Joseph Priestley na Ingila ya kunna kyandir cikin rufaffiyar kwalba har ya mutu, sa'an nan ya sa reshen na'ana'a a ciki. Bayan 'yan kwanaki kyandir ya sake ci a cikin iskar nan. A 1779 Jan Ingenhousz, likita ɗan Holan, ya nuna cewa tsiro ba ya gyara iska haka sai da haske, kuma koren sashensa ne kaɗai yake wannan aiki.

To, ga yadda abin yake. Ganye shi ne madafar tsiro. Saiwa tana tsotso ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau ta cikin kara zuwa ganye. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani sai da madubin likita, ta nan iskar kabondayoksaid take shiga. Wannan iska ba ta da yawa, kashi 4 ce kawai cikin 10,000 na iskar da muke shaƙa. Sinadarin da ya sa ganye ya zama kore, wato kulorofil, yana kama hasken rana, da ƙarfin hasken ne ake haɗa ruwa da iskar nan su zama sukari. Abin da ya rage shi ne iskar oksijin, wadda take fita mu shaƙa. Sunan wannan aiki fotosintesis. Tsiro yana amfani da sukarin ya girma, rarar kuma ya ajiye ta a matsayin sitaci: masara da dawa a ƙwayarsu, doya da rogo da dankali a ƙarƙashin ƙasa. Ashe tuwon da muke ci, aikin ganye ne.

Muna iya tabbatar da haka a ɗakin gwaje-gwaje. A ajiye tsiro na tukunya cikin duhu kwana 2, a rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda, a fitar da shi rana na wasu sa'o'i. A tsinke ganyen a tafasa, a jiƙa shi cikin sipirit mai ɗumi har koren ya fita. Kada a ɗora sipirit a kan wuta, a cikin ruwan zafi ake ɗumama shi. A ɗauraye ganyen, a ɗiga masa aidin. Inda rana ta taɓa zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci ke nan. Inda aka rufe kuwa ba zai koma ba.

Wani zai ce, to mene ne amfanin taki? Ƙasa tana ba da sinadarai kaɗan waɗanda madafar ba ta aiki sai da su, kamar naitirojin da fosforas da fotashiyam, su ne haruffan NPK da ke jikin buhun takin zamani. Masarar da ta rasa naitirojin ganyenta yakan koma rawaya, girki ya ragu.

Saboda haka wanda ya zage ganyen masara ya ba akuya tun ƙwaya ba ta cika ba, ya rushe murhu ne tuwo bai nuna ba. Haka kuma ciyawa idan ta rufe shuka, har haske take ƙwace mata. Manomanmu sun daɗe da sanin darajar gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, gero ya sami rana a ƙarƙashinsa.

Idan kun je gida hutu, ku kife tsohuwar ƙwarya a kan ɗanyar ciyawa, bayan mako ɗaya ku buɗe. Ku rubuta launin da kuka gani da dalilinsa, ku kawo mana a makon farko na sabon zango.