Zare Sandar Aksul A Tsohuwar Mota: Aikin Da Ba Ya Son Gaggawa

Har yanzu akwai tsofaffin motoci da yawa a hannun jama'a waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da daina ƙera su. Alal misali akwai Peugeot 404 wadda ta fara fitowa a Faransa a 1960, da ƙanwarta 504 ta 1968, waɗanda suka cika hanyoyin ƙasar nan bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Akwai kuma tsohuwar Land Rover, wadda asalinta ya faro a Ingila a 1948. Mai irin waɗannan motoci ya san cewa in wani ƙarfe ya lalace, sai an sha yawo a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano kafin a dace da madadinsa. Saboda haka ɓarnar da makanike zai yi da guduma cikin minti guda tana iya ajiye mota wata da watanni.

Daga cikin ayyukan da aka fi yin wannan ɓarna har da zare sandar aksul ta baya. Sandunan nan biyu ne, dama da hagu, suna kwance cikin bututun aksul. Kowace tana da haƙora a bakinta na ciki, waɗanda suke shiga giyoyin da ke cikin tukunyar tsakiya, watau inda farfela take kawo ƙarfin inji, sa'an nan ɗaya bakin yana juya taya. Akan bukaci zare ta in boris ya fara kuka, ko mai yana yoyo yana jiƙa birki, ko kuwa in sandar ta karye, inji yana ruri amma mota ta ƙi motsi.

Kafin a taɓa kome, wajibi ne a tsayar da motar a wuri mai tauri, a sa waji a tayoyin gaba, a ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne, domin jijjigar aikin tana iya zamar da shi. Haka kuma kada a hura ƙurar da ke cikin kwanon birki, gama takalman birki na dā ana yin su da asbesto, wanda shaƙarsa ke haddasa ciwon huhu da sankara. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta.

Babban abin da ya kamata makanike ya sani kafin ya ɗauki sifana shi ne yadda aka ɗaure sandar, domin ba iri ɗaya ba ne a kowace mota.

Iri na farko shi ne wanda ya fi yawa a ƙananan motoci, har da 404. A nan boris yana matse a jikin sandar, an kuma danne shi da faifan ƙarfe a bakin bututu. Sai a cire taya da kwanon birki, a kwance notocin faifan, sa'an nan a jawo sandar waje. In tsatsa ta riƙe boris, akan ɗaura guduma mai zamiya a kusoshin taya a riƙa fizga daidai wa daida. Inda babu ita, wasu sukan kifa kwanon birki, su sa notoci sako-sako, su fizga da shi a hankali. Abin da ba a yi shi ne dukan fuskar sandar daga baya, domin in ta karkace ko da kaɗan, tayar za ta riƙa rawa har abada. A irin wannan tsari sandar ce ke ɗauke da nauyin mota, don haka in ta karye kusa da boris, taya tana iya ficewa ana cikin gudu.

Iri na biyu shi ne na manyan motoci da Land Rover tun daga samfurin 1958. A nan nauyin mota yana kan borisai biyu da ke bisa bututu, aikin sandar juya taya kurum. Sai a kwance kusoshi shida da ke tsakiyar tayar Land Rover, a zaro sandar ba tare da ko ɗaga motar ba. Wahalarsa tana zuwa ne in sandar ta karye daga ciki, abin da aka san tsofaffin sanduna masu haƙora goma da shi. Guntun yakan maƙale a cikin giya, kuma sau da yawa sai an zare ɗaya sandar, an kwance farfela, an fito da tukunyar dungum, an wanke ɓarɓashin ƙarfe sarai.

Iri na uku ana samunsa a motocin Amurka da dama. Wani ɗan ƙarfe mai siffar kofaton doki ne ke riƙe da bakin sandar a can cikin tukunya. Kome ƙarfin fizga daga waje ba za ta fito ba. Sai an tsiyaye mai, an buɗe murfin baya, an zare sandar da ta gitta tsakanin giyoyi, an tura sandar aksul ciki kaɗan, ɗan ƙarfen ya fita, kana ta zaru cikin sauƙi.

Iri na huɗu kuwa na motocin da suka fi tsufa ne, inda bakin sandar yake da tsini, an cusa cibiyar taya a kai da ɗan makulli da babban noti. Raba su sai da ƙarfen jawowa na musamman, a kuma bar notin a bakin zare don kada cibiyar ta yi tsalle. Daɗin daɗawa, a motocin Ford irin su Model A ta 1927 zuwa 1931, da na bayanta har 1948, giya tana haɗe da sandar daga ciki, don haka dole sai an raba bututun aksul kafin ta fito.

Bayan an zare, sai a wanke sandar a duba haƙoranta. In sun fara murɗewa, karyewa ta kusa. A sa wa kowace alama, kada ta dama ta koma hagu. A wasu motocin tsawonsu ma ba ɗaya ba ne, kuma ƙarfen da ya shekara yana shan murɗa ta fuska guda ba ya son a juya masa. Sabon boris da injin matsawa ake sa shi, ba a kuma yi wa sandar walda ko a gasa ta da wuta, domin zafi yana kashe taurin ƙarfe. Robar da ke tare mai ba a mai da tsohuwa. Har ila yau a buɗe 'yar ƙofar iska da ke bisa bututu, domin toshewarta takan tura mai zuwa ga birki.

Masu 404 salun suna da ƙarin abin lura. Babbar giyar tukunyarsu ta tagulla ce, kuma wasu nau'o'in man giya suna cin tagulla sannu a hankali. Man da littafin motar ya ambata shi ya kamata a zuba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai tsohuwar mota yana da haƙƙin ya tambayi makanikensa yadda sandar take a ɗaure kafin a fara aiki. In amsar ba ta fito ba, gara ya kai motarsa wani garejin, domin tayar baya tana ɗauke da rayukan duk waɗanda ke cikin motar.