Ba Dokar Ƙwadago Ke Korar Masana'antu Ba

Duk lokacin da ƙungiyoyin ƙwadago suka nemi ƙarin albashi, sai a ji masu kamfanoni suna gargaɗin cewa idan aka matsa musu, za su tattara nasu-ya-nasu su koma wata ƙasa. Tarihin masana'antun da suka bar Najeriya bai goyi bayan wannan barazana ba. Michelin ta rufe kamfanin tayoyinta na Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin bai kai naira 10,000 ba. Abin da ya karya su shi ne rashin wutar lantarki, da kuɗin man janareta, da tayoyin waje masu araha. Masaƙun Kakuri a Kaduna ma ba ma'aikata ne suka durƙusar da su ba, tsadar baƙin mai ce da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari.

Wani zai ce ai da albashi ya tashi a Sin, kamfanonin ɗinki sun kwashe zuwa Biyetnam da Kambodiya. Gaskiya ne, domin a sana'ar ɗinki ladan ma'aikaci kaso ne mai tsoka, kuma keken ɗinki ba shi da wuyar ɗauka. Amma a duba Bangaladash. Bayan ginin Rana Plaza ya rufta a Afrilun 2013, ya hallaka mutane fiye da 1,100, an tilasta binciken gine-gine da matakan kariya daga gobara, aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga taka 3,000 zuwa 5,300 a kuɗin ƙasar. Masu saye ba su gudu ba. Cinikin tufafin ƙasar a waje ma ƙaruwa ya yi har ya haura dala biliyan 40 a shekara.

Habasha kuwa ta bi ɗaya hanyar. Ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, kuma da arahar ma'aikatanta ta jawo masu zuba jari zuwa rukunin masana'antu na Hawasa. Duk da haka, da yaƙin Tigrai ya sa Amurka ta sanar da cire ƙasar daga tsarin AGOA, wanda a lokacin yake ba kayanta damar shiga Amurka ba haraji, kamfanin tufafi na PVH ya rufe masana'antarsa da ke Hawasa a ƙarshen 2021, ba tare da an ƙara wa ma'aikaci ko sisin kwabo ta hanyar doka ba.