Zafi da Sanyi a Cikin Ofis

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi muku bayani a kan wani abu da ya ke damun ma'aikatan ofis a nan Bauchi, watau zafin ɗaki da sanyinsa. Da bazara, musamman watan Afrilu, zafin rana ya kan wuce digiri 35, akawu yana rubutu gumi na ɗiga a takarda. Da hunturu kuwa sai ka gan shi da safe a takure, yatsu sun ƙage.

To, wane awo ne ya dace da jikin ɗan Adam? A shekarar 1970 wani masani a ƙasar Denmark, Ole Fanger, ya nuna abu shida ne ke haɗuwa: zafin iska, zafin da bango da rufi ke fitarwa, laima, kaɗawar iska, tufafi, da nauyin aiki. Shi ya sa ofis mai rufin kwano ya kan gasa mutum ko da taga a buɗe, domin kwanon da kansa wuta ya ke hurowa.

Sabo kuma yana da nasa. A Amurka a kan sanyaya ofis ƙwarai, don ma'aikaci mai kwat ya ji daɗi, mata da yawa kuwa suna rawar ɗari. Mutanen Japan sun bi wata hanya. A 2005 gwamnatinsu ta ce a tsai da na'urar sanyaya ɗaki a digiri 28, ma'aikata su tuɓe kwat da maɗaurin wuya.

Mu ma kakanninmu ba su jahilci wannan ba. Wanda ya je Kafin Madaki ya shiga soron da Babban Gwani ya gina wajen 1860, zai ji sanyi da tsakar rana. Bangon ƙasa mai kauri ya kan shanye zafin yini, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Riga mai faɗi kuma tana barin iska ta zaga jiki.

Saboda haka ina roƙonmu, kadan an tura mu makarantu, mu lura da ofis da aji. Mu dasa itatuwa ta yamma da gini, mu nemi a sa silin a ƙarƙashin kwano, mu buɗe tagogi masu fuskantar juna. Lantarki ya kan ɗauke, na'ura ta tsaya, amma inuwar dalbejiya tana nan. Yaron da zafi ya dama ba ya fahimtar karatu, malamin da ya jiƙe da gumi kuwa ba ya da haƙurin koyarwa.